Ninki Hamsin da Biyu

Ƙarfe takwas saura kwata Auta ta dira a ƙofar tsohon gidan rediyon, jakar kwamfuta a kafaɗa, na'urar karanta faifan CD a hammata, tana taku irin na wadda ta ci jarrabawa tun kafin a raba takarda.

Gidan ya koma kango tun da ransa. An kwashe kujeru, an cire agogon bango ya bar farin tabo, wayoyi sun leƙo daga silin kamar saiwar bishiya. A ƙarshen baranda Kawu Mai Sito yana zaune kan kwali, makullai a cinya. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da su, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

"Sai yau?" in ji shi, bai ko gama amsa gaisuwarta ba. "Kwana uku na roƙo miki, Talata, Laraba, Alhamis. Kika tashi kika zaɓo wutsiya."

"Kawu, wutsiyar ma ta yi min yawa. Awa bakwai nake nema, har da rarar guda."

"To. Mu dai a zamaninmu ba a fafe gora ranar tafiya."

Ya buɗe ɗakin ajiya. Warin ƙura da tsohuwar roba ya tarbe su. Ga su nan a jere kan kanta, faifai ɗari biyu da arba'in, kowanne cikin gidansa na roba, kowanne da lamba, ba suna ba kwanan wata. Wani kamfani daga ƙetare ne ya sayi tashar da duk abin da ke cikinta. An ƙirga komai, an rubuta. Sharaɗin da aka ba Kawu ɗaya ne: yarinyar ta kwafi abin da take so, amma ko faifai ɗaya kada ya ƙetare ƙofar nan. Ƙarfe huɗu na yamma babbar mota za ta kwashe su.

A cikin faya-fayan nan muryar Mama take. Shekara goma sha ɗaya tana gabatar da shirin Kujera Biyu, duk Laraba ƙarfe biyar, kujera ɗaya tata, ɗaya ta mai sauraro. Shekara tara ke nan da rasuwarta, kuma a gida ba su da ko tarinta a naɗe. Kaset ɗaya da suke da shi, rediyo ya tauna shi tuni.

Baba kuwa yau kwanansa goma sha shida a asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye. Wani lokaci ba ya gane Yaya, wani lokaci ba ya gane Auta. Amma duk yamma in biyar ta gabato, sai ya karkato kai wajen durowar gefen gado ya ce, da bakinsa da ya karkace, "A kunna rediyo. 'Yar gidan rediyo za ta fara." Likita ya ja Yaya gefe ya ce masa maganar ta kwanaki ce, ba ta makonni ba. Shi ya sa Auta ta durƙusa a bakin gado ranar Litinin ta ce, "Baba, Alhamis ƙarfe biyar za ka ji ta. Na yi alkawari."

Ba da ka ta yi alkawarin ba. Shekara shida tana gyaran kwamfuta, a shago Injiniya ake ce mata. A bayan takardar magani ta buga lissafin. A goshin na'urar da ta aro wajen Oganta an rubuta 52X da manyan baƙaƙe. Ta duba a waya: ninki ɗaya na faifai, kilobait ɗari da hamsin ne a sakan. Sau hamsin da biyu, dubu bakwai da ɗari takwas, wato kusan megabait takwas duk sakan. Faifai yana cin megabait ɗari bakwai. Minti ɗaya da rabi ke nan. Faifai ɗari biyu da arba'in, awa shida, ta ƙara awa ɗaya ta sakawa da cirewa. Ta kwashe duka, ta je ta tace a natse. To don me za ta bar gadon Baba kwana uku, alhali yini ɗaya ya isa?

Ta share tebur da gefen mayafi, ta jona na'urar, ta danna. Bakin ya zaro kamar harshe. Ta ɗora faifai na ɗaya.

Na'urar ta yi gurnani, ta ɗauki gudu, sai kuma ta lafa. A fuskar kwamfuta lambar gudu ta fito, megabait a sakan: 1.2.

Auta ta jira ta hau. Ba ta hau ba.

Ta raba a ka, tun kafin ta so rabawa. Dubu ɗaya da ɗari biyu a kan ɗari da hamsin. Takwas. Ninki takwas. Ina sauran arba'in da huɗun?

"Lafiya?" in ji Kawu daga bakin ƙofa.

"Lafiya lau. Tana ɗumama jiki ne."

Minti goma faifan ya ci. Na biyu ya tsaya a 0.6, ninki huɗu, ya cinye minti goma sha tara cur. Ta canja waya. Ta canja ramin da ta jona ta. Ta hure na'urar, ta goge faifai na uku da gefen riga. Lambar ta dube ta, ta dubi lambar.

Ƙarfe tara ta kira Oga, tsohon da ya koya mata riƙe sukudireba.

"Oga, na'urarka ba ta da lafiya. An rubuta hamsin da biyu, tana ba ni huɗu."

Dariyarsa ta cika wayar har da tari. "Injiniya ƙarama! Kin taɓa shiga motar da aka rubuta ɗari biyu da ashirin a mitarta?"

"Na taɓa."

"Ta taɓa yin ɗari biyu da ashirin a tsakiyar kasuwa? Hamsin da biyun nan na talla ne. Sai a sabon faifai dal na kamfani, shi ma can a bakin gefe, na 'yan sakanni. Faifan da wani ya ƙona a ofis shekara goma sha biyar baya, in ta ba ki takwas ki durƙusa ki gode mata."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Kin tambaye ni? Kin duba goshinta, kin danna waya, kin ce ya isa. Ku yaran da kuka tashi da filas ɗin kwamfuta a aljihu ba ku san wahalar faifai ba. Nawa ne?"

Ta faɗa masa. Dariyar ta ɗauke kamar an zare fulogi.

"Zuwa yaushe?"

"Huɗu."

"Na yau?"

"Na yau."

"Ba ni da wata, 'yata," in ji shi a hankali. "Waccan ma daga ƙarƙashin tebur na zaƙulo ta. Zan buga wa mutum biyu, amma kada ki sa rai."

Ta ajiye wayar. Ta jawo takardar maganin nan, ta soke lissafin Litinin, ta yi sabo a ƙasansa. In faifai ɗaya ya ci minti goma sha biyar, awa bakwai da suka rage za su ba ta ashirin da takwas. Ashirin da takwas, cikin ɗari biyu da arba'in. 

Amma ai ba duka take buƙata ba! Ta zabura.

"Kawu, ina rajistar? Littafin da ke faɗin abin da ke cikin kowace lamba?"

Tsohon ya daɗe yana juya makullai.

"Ta tafi a motar farko. Talata da yamma, ita da takardu da kwamfutocin studiyo." Ya nuna teburin da take zaune da leɓe. "Talata da safe tana nan. Ni da hannuna na ajiye miki ita, na ɗora mata dutse don kada iska ta buɗe. Na ga sunan shirin uwarki wajen sau shida a ciki."

"Lambobin fa? Ko ɗaya?"

"Lamba ba ta kwana a kaina, 'yar nan. Makulli na sani."

Faifai shida. Da ta zo Talata, kafin shayin Kawu ya huce sau biyu ta gama. Na'urar ta tofo faifai na uku, kuma ba lokacin kuka.

Abin takaicin, ba a leƙa cikinsu. Wanda ya yi ajiyar, Allah ya ji ƙansa ko ya ƙara masa lafiya, ya riƙa tara shirye-shirye goma sha biyu ya cure su dunƙule guda don su shiga faifai. Dunƙulen ba ya kwancewa sai an kwafe shi. Sai ta koma caca. Ta zaro daga sama, ta zaro daga ƙasa, ta rufe ido ta zaro daga tsakiya. Yayin da ɗaya yake shiga, tana kwance wanda ya gabata tana saurare.

Ta ji wasan ƙwallon da aka buga tana aji uku. Ta ji likita yana koyar da wanke haƙori. Ta ji tallar sabulu sau tara. Ta ji cigiyar wata akuya mai baƙin kunne, wadda in tana raye yanzu ta ga jikokin jikokinta.

"An same ta," in ji Kawu. "Akuyar. A bayan gidan mai."

"Na taya ta murna."

Sha biyu ta wuce. Wani faifai ya kai rabi ya cije, na'urar tana ƙas-ƙas kamar mai shaƙuwa, ya cinye mata minti ashirin ya fito ba komai. Ta ɗaga shi wajen taga. Gefensa ya yi ruwan tsatsa, haske yana ratsowa ta wasu 'yan huje kamar bakin allura. Faya-fayan ruɓewa suke yi a tsaye, daga baki zuwa ciki.

Ɗaya da rabi Yaya ya kira daga asibiti. Hannunta biyu suna aiki, sai ta sa wayar a lasifika.

"Auta, ina labari? Sau biyu yana tambaya ko yau Alhamis."

"Yana gane ranaku yau?"

"Ranar nan dai ya riƙe ta gam. Kin kusa?"

Ta gaya masa a taƙaice. Tana jin ƙarar keken marasa lafiya a can.

"Ke ce fa mai lissafin gidan nan," in ji shi. "Ni da na ce ki tafi tun Talata, cewa kika yi in bar miki fannin da ba nawa ba."

"Yaya, don Allah."

"To zuba su a jaka mana! Wa zai sani? Mutanen da suka saya ko harshen ba sa ji."

Ta yi wuf ta kashe lasifikar, amma magana ta riga ta fita. Ta ƙarasa da shi a kunne, ta ajiye. Kawu bai ɗago ba.

"Na ji," in ji shi. "In kin ɗauka, ba zan riƙe hannunki ba. Uwarki ta fi ƙarfin haka a wurina. Sai dai ni ne zan sa hannu a takarda cewa ɗari biyu da arba'in ne."

Ta dubi makullan nan da suka sha hannu har suka yi santsi.

"Ko zan sata, Kawu, wanne zan sata?"

Ta yi dariya, dariyar ta karye a hanya.

Biyu da rabi wakilin kamfanin ya iso da 'yan dako biyu da tarin kwalaye. Matashi ne mai fara'a, riga a tsuke, takarda a allo. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce ta ci gaba da aikinta, shi ba zai takura mata ba. Sannan ya fara. Ya ɗauko gida, ya buɗe, ya duba lambar da ke jikin faifan kansa, ya yi maki a takarda, ya miƙa. In kwali ya cika arba'in, a naɗe shi da salatif, a buga hatimi, a fita da shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Auta, "in na rubuto wa kamfaninku, za su iya turo min daga baya?"

"Ki rubuta, Hajiya, ba laifi. Amma gaskiya, wata biyu za su yi a kan teku. Kuma in sun isa ban san ɗakin da za a jefa su ba."

Wata biyu. Ta koma ga lambarta. 0.6. Kanta ta sama ta zama wayam. Ta biyu ta bi ta. Duk ƙarar salatif sai ta ji kamar a fatarta ake yage shi, don wa ya sani ko Mama ce aka naɗe a ciki?

Kawu ya tashi yana taya su, yana goge ƙurar kowane gida da tsumma kafin ya miƙa, don kada a ce kaya sun fita da datti daga hannunsa. Uku da minti ashirin da 'yan kai, hannunsa ya tsaya cak.

"La ilaha." Ya kai gidan faifan kusa da ido. "'Yar nan, zo. Zo ki gani."

A ƙugun robar, inda tsumma ya share, akwai ɗigo ɗaya ja, ya dushe ya koma kamar busasshen jini.

"Jan farce ne," in ji Kawu. "Kai, tsufa bai yi ba! Ba ta yarda da mai ajiyar nan ba, kullum cewa take zai ɓatar mata da shiri. Duk wanda nata yake ciki sai ta zaro 'yar kwalba a jaka ta ɗiga masa. Ina tsaye nan ina yi mata faɗa tana dariya. Yaya aka yi na manta?"

Suka bi sauran da ke kan kanta da tsumma, kamar mahaukata. Babu wani. Sauran biyar suna cikin kwalayen da aka riga aka rufe.

Auta ta tofo wanda ke ciki ba tare da ya gama ba, ta ɗora mai ɗigon. Uku da ashirin da biyar. Megabait ɗari shida da casa'in.

0.6.

Ninki huɗu. Minti goma sha tara. Uku da arba'in da huɗu za ta gama, har da rarar kwata. A karon farko tun safe ta ji iska ta shiga ƙirjinta. Ta dafa na'urar da tafin hannu, tana jin ɗuminta, tana lallashinta a zuci kamar jaririn da ake so ya yi barci.

Kashi talatin cikin ɗari. Arba'in. Hamsin. 'Yan dako suka daina surutu. Wakili ma ya riƙa leƙowa tsakanin maki da maki.

A kashi sittin gurnanin ya canja murya. 0.3.

Ninki biyu. Ta buga a ka: abin da ya rage, minti goma sha biyar. Uku da hamsin da ɗaya. Har yanzu da sauran numfashi.

A kashi saba'in da biyar, 0.15.

Ninki ɗaya tak. Gudun da aka fara ƙera na'urar farko da shi tun ba a haife ta ba. Minti goma sha tara. Huɗu da minti ɗaya.

"Me take cewa?" in ji Kawu.

"Tana cewa a ƙara mata minti ɗaya."

"Minti ɗaya ai ba magana ba ce," in ji wakili. "Na ba ki goma. Fiye da haka direba zai rasa layinsa a tashar jirgi, kuma ni za a tambaya."

Ta san abin da ke faruwa, saninsa kuwa bai tsinana mata komai ba. Faifai daga cibiya ake rubuta shi, a yi ta zagaye har zuwa baki. Na'urar tana matsawa ne zuwa gefen, can inda Oga ya ce hamsin da biyun take zaune, can kuma inda tsatsa ta fara ci. Duk taku ɗaya sai ta karanta, ta kasa, ta koma, ta sake.

Kashi tamanin da biyar. 0.05. Wannan ko ninki ɗaya bai kai ba. Babu ma sunan da za ta kira shi da shi.

Kanta ta ƙarshe ta ƙare. Kwali na shida yana tsakar ɗaki, baki buɗe, da gurbi ɗaya. A waje direba ya danna ham, dogo.

Huɗu ta buga. Tamanin da tara.

Huɗu da biyar. Casa'in da ɗaya. 0.02.

Huɗu da minti goma, lambar ta motsa da ƙyar ta zama casa'in da biyu. Kanta ya yi lissafin da kansa, ita ba ta aike shi ba: megabait hamsin da biyar, kilobait ashirin a sakan. Minti arba'in da shida. In ma bai ƙara faɗuwa ba.

"Hajiya," in ji wakili.

"Mahaifina ne. Yana asibiti. Muryar matarsa ce a ciki." Ba ta taɓa roƙon kowa haka ba, kalmomin suka fito a karkace. "Ka bar min wannan ɗin kawai. Gobe da safe in kai shi duk inda ka ce, da ƙafata."

Ya dubi takardarsa, ya dubi Kawu, ya shafa ƙeya. Ta ga da gaske abin ya taɓa shi, kuma ta ga hakan ba zai canja komai ba.

"A bakin jirgi ma sai sun sake ƙirgawa. In ɗaya ya yi ƙasa, ba ni za a fara nema ba, wanda ya riƙe ɗakin za a nema." Ya yi ƙasa da murya. "Wallahi da nawa ne."

Ham ya sake tashi. Jakarta tana nan a buɗe gefen tebur, tazarar taƙi ɗaya daga na'urar. Kawu ya juya musu baya, yana kallon bangon da babu komai a jikinsa, makullan suna kaɗawa a hannunsa a hankali. Ya ba ta hanya ke nan. Ta gane.

Ta danna maɓallin.

Na'urar ta yi ajiyar zuciya, ta zaro harshe. Faifan da zafi kamar an ɗauko shi daga rana. Ta sa shi a gidansa, ta shafa ɗigon da babban yatsa, ta miƙa wa wakili da hannu biyu.

"Ɗari biyu da arba'in," in ji shi, ya yi maki. Salatif ya yi ƙara.

A cikin motar haya, kwamfuta a cinya, ta shiga yi wa guntun dunƙulen tiyata. Wannan kam fanninta ne. Dunƙulen da bai cika ba ba ya kwancewa da daɗi, amma akan iya yagar abin da ya riga ya shigo. Motar tana faɗawa rami tana fitowa, shirye-shirye suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. Na farko, shirin manoma. Na biyu, labarai. Na biyar, likitan haƙorin nan dai. Tana taɓa kowanne sakan biyu ta wuce. Na tara. Na goma. Na goma sha ɗaya, wasan yara.

Na goma sha biyu shi ne na bakin gefe. Awa guda ya kamata ya kai. Abin da ya tsira sakan goma sha tara ne.

Ta kai kwamfutar kunne ta saurara, sau ɗaya. Matar da ke kusa da ita ta dube ta ta ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Ta gyaɗa kai kawai.

Biyar da minti huɗu ta shiga ɗakin. Yaya ya miƙe daga kujerar roba, idonsa yana tambaya. Ba ta dube shi ba. Baba ya riga ya karkato kai wajen durowa, inda aka jera magunguna da kofin ruwa.

"An makara," in ji shi da ƙyar. "A kunna. Ta fara."

"Yanzu, Baba."

Ta ture kofin, ta ajiye kwamfutar, ta ƙure murya. Yatsanta ya tsaya a sama kaɗan, sannan ya sauka.

Kiɗan buɗe shirin ya cika ɗakin, siririyar sarewa mai hawa uku da Auta ta yi zaton ta manta. Fuskar Baba, ɓarin da ke da rai, ta buɗe kamar an ɗaga labule. Kiɗan ya fara yin ƙasa. Kujera ta yi ƙara, irin ta wanda ya gyara zama. Awarwaro suka bugi katako, kacau, sau biyu. Sannan aka ja numfashi, dogo, a natse, na wadda ta san dubban mutane suna jiran kalmarta ta farko.

Shiru.

Hannun Baba mai lafiya ya ɗago daga kan bargo.

"Ku yi shiru," in ji shi, alhali ba mai magana. "Awarwaronta ne. Na hana ta sa su a studiyo, ba ta ji. Ta ja numfashi. Yanzu za ta yi sallama."

Suka tsaya. Fanka tana juyawa. A gadon da ke gefe wani ya yi tari. Yaya ya dubi fuskar kwamfutar, ya ga layin ya kai ƙarshe, ya dubi Auta, ya juya ya fuskanci taga.

Baba bai sauke hannun ba. Idonsa yana kan durowa, leɓensa yana motsi, ya riga ya shirya amsa sallamar.

"Tashar ce ta gudu?" ya tambaya can.

Auta ta buɗe baki. Duk lambobin yinin nan suna nan a kanta, ɗari da hamsin, hamsin da biyu, casa'in da biyu, kowacce a gurbinta, ba wadda za ta iya miƙa masa.

"Ita ce, Baba," in ji ta. "Bari in sake kamo ta."

Ta mayar da layin farko, ta danna. Sarewar ta sake hawa.